Allo Ya Ce Ɗari da Ashirin

A aji biyar akwai wata yarinya da ake kira Barkono. 'Yar ƙarama ce, amma idan ta buɗe baki har manya sai sun yi tari. Ita ce ta taɓa ɗaure igiyar takalmin monita a ƙafar tebur. Ita ce ta saka ƙadangare a akwatin alli. Aikin ya yi kyau kuwa, don har yau ana ba da labarin tsallen da monita ya yi. Ko an kama ta, amsarta ɗaya ce: "Wa ya gani?"

Abu ɗaya ne ya gagare ta, wato ƙwallo. Wani yaro da ake kira Dogo ne ke da ƙwallo a ajin. Tsohuwa ce, duk faci, ana bugawa tana sacewa. Amma mai ƙwallo shi ke zaɓen 'yan wasa.

"Ki tsaya bayan raga," in ji Dogo kullum. "Idan ta fita ki ɗauko mana."

"Ni? Ni ce zan zama 'yar ɗauko muku ƙwallo? Za ka gani, sandar rake kawai."

Wata ranar Litinin Malam ya shigo da kwali a hammata. Ya ajiye shi a kan tebur. A jikin kwalin an rubuta BANKIN AJI.

"Daga yau kowa yana da asusu," in ji Malam. "Kuɗinmu sunansa tauraro. Wanda ya kawo aikin gida a kan lokaci, tauraro biyar. Wanda ya warware lissafi mai wuya, goma. Wanda ya ba shukokin bayan aji ruwa, goma."

"Malam, ina taurarin? A ba mu mu gani," in ji Barkono.

"Ba a riƙe su a hannu. Suna zaune a asusunki. Irin wannan asusun shi ne na yau da kullum. Ana zubawa, ana cirewa. Idan za ki biya wani, sai ki rubuta masa cak."

Malam ya raba wa kowa ɗan littafi. Kowane shafi kashi biyu ne, babba da ƙarami.

"Babban shi ne cak," in ji shi. "Ki rubuta sunan wanda za ki biya, da yawan taurari, ki sa hannu, ki yage ki ba shi. Shi kuma ya kai banki. Banki ya cire daga asusunki ya zuba a nasa. Ƙaramin da ya saura shi ne gindin cak. A nan za ki rubuta wa kika ba, nawa kika ba shi, nawa ya rage miki."

"Wahala biyu ke nan," in ji Barkono a hankali. Ba a hankali sosai ba, don Malam ya ji.

"Gindin cak ya fi cak muhimmanci," in ji Malam.

Aka naɗa wani yaro mai gilashi, wanda ake kira Tabarau, ya zama ma'ajin banki. Banki na buɗewa ranar Alhamis kawai. Idan ya gama aiki, Tabarau ya rubuta abin da kowa ke da shi a ƙaramin allon da ke bayan aji.

Sai Malam ya buɗe kabad. A ciki akwai kayan da za a riƙa sayarwa a kasuwar aji, Alhamis ɗin ƙarshen kowane wata. Akwai rula, da usur, da akwatin fensiran launi. A can sama kuma ga sabuwar ƙwallo, fara da baƙi, tana ƙyalli. An manna mata takarda: tauraro ɗari.

Barkono ta miƙe tsaye.

"Kowa ya ji da kunnensa. Ƙwallon nan tawa ce. Wanda ya taɓa ta ya taɓa kayana."

Aji ya fashe da dariya. Dogo ya fi kowa.

Barkono akwai ƙwaƙwalwa, wannan ba a musu. Kafin Malam ya gama rubuta lissafi ta ɗaga hannu. Taurarinta suka riƙa hawa. A watan farko ba wanda ya kai ɗari, ƙwallo ta kwana a kabad. A wata na biyu allo ya nuna mata tamanin, ya nuna ɗari, ya nuna ɗari da ashirin.

Daga nan kai ya fara kumbura.

Ranar da sharar aji ta zagayo kanta, sai ta kira wata yarinya da ake ce wa Shiru. Shiru ba ta da magana, zane kawai take yi a bayan littafinta.

"Ki yi mini shara sau uku, in ba ki talatin."

Idon Shiru ya tafi kan kabad. Fensiran launi tauraro sittin ne. Ita kuma talatin gare ta.

"To," in ji Shiru.

Barkono ta rubuta cak, ta sa hannu da wani dogon lanƙwasa kamar wutsiyar ɓera, ta yage ta miƙa. Shiru ta karɓa da hannu biyu. Ta saka shi a tsakiyar littafin zanenta. Ta ce sai ranar kasuwa za ta kai banki, don ta sayi fensiran nan take.

Kashegari Barkono ta tsaya a kan Dogo. Kujerarsa ce ke kusa da taga.

"Tashi. Na sayi kujerar nan."

"Da me?"

"Ashirin."

Dogo ya karɓi cak, ya cusa a aljihun wando, ya manta da shi.

Gindin cak fa? Barkono ba ta bar shi haka nan ba. A na farko ta zana Tabarau da kunnuwan zomo. A na biyu ta zana Dogo kansa ya huda rufi.

Tabarau ya leƙo ya gani.

"Malam ya ce a rubuta abin da ya rage."

"Kai ne ma'aji ko ni? Dubi allo. Me ya ce?"

"Ɗari da ashirin. Amma ai kin ba Shiru da Dogo..."

"Allo ya ce ɗari da ashirin. Idan kana da magana, ka je ka yi da allo."

Ranar kasuwa ta zo. Aka jera kaya a kan tebur, Tabarau ya zauna a gefe da kwalinsa. Kafin a ce a yi layi, Barkono ta kutsa ta ƙarƙashin hannun Dogo ta tsaya a gaba.

"Ƙwallo!" in ji ta. Ta rubuta cak na ɗari ta ajiye da ƙarfi.

Tabarau ya duba babban littafinsa. Ɗari da ashirin. Ya cire ɗari, saura ashirin. Malam ya miƙa mata ƙwallo.

Barkono ta ɗora ta a ka. Ta zagaya aji tana tafiyar ƙasaita.

"Dogo, gobe ka tsaya bayan raga. Idan ta fita ka ɗauko mana."

Haushi ya kama Dogo. Ya zura hannu a aljihu, sai ya ji takarda. Ya ciro ta duk ta yamutse, ya kai wa Tabarau. Cak ɗin ashirin ne. Tabarau ya cire ashirin daga asusun Barkono. Saura sifili.

Sai ga Shiru a ƙarshen layi. Ta buɗe littafin zanenta ta ciro nata cak ɗin. Ko lanƙwasa bai yi ba. Ta ajiye shi, ta ɗora ɗayan hannunta a kan akwatin fensiran launi.

Tabarau ya dubi cak. Ya dubi littafi. Ya cire gilashinsa ya goge, ya sake dubawa.

"Malam," in ji shi, "babu komai a asusun."

Malam ya zo ya duba. Ya ɗauki jan biro ya ja layi a kan cak ɗin, ya rubuta: YA DAWO, BABU KUƊI. Ya mayar wa Shiru.

 Shiru ta janye hannunta daga kan fensiran a hankali. Ta koma kujerarta ta kifa kai a kan tebur.

 Duk ido ya koma kan Barkono.

"Me kuke kallona? Allo ya ce ɗari da ashirin!"

"Allo bai san kin rubuta wa Shiru da Dogo cak ba," in ji Malam. "Banki ba ya sani sai takarda ta iso gare shi. Ke kaɗai kika sani. Tun ranar da kika sa hannu, taurarin nan hamsin sun zama nasu."

"To me ya sa ta ɓoye shi? Da ta kawo da wuri ai da an biya ta. Laifinta ne!"

"Kawo littafinki in ga gindin cak."

Barkono ta so ta ƙi. Malam ya miƙa hannu bai janye ba. Ta ba shi. Ya buɗe, sai ga Tabarau da kunnuwan zomo. Wasu suka ƙunshe dariya. Malam ma ya ɗan juya fuska, amma da ya juyo babu fara'a.

"Ƙwallo za ta kwana a kabad," in ji shi. "Ki je ki yi tunani. Gobe ki faɗa mini yadda za a biya Shiru."

"Ni ban ci na kowa ba! Na saya, an sayar mini!"

"Gobe," in ji Malam. Ya rufe kabad ya sa mukulli a aljihu.

Da aka tashi Barkono ba ta wuce gida ba. Ta nufi shagon babanta. Baba kafinta ne. Ta same shi yana yanka katako, garin katako ya yi masa fari a gira.

"Baba, an zalunce ni."

"Sannu da zuwa, uwar rigima. Wa ya tsokano wa kansa?"

Ta kwashe labari ta faɗa masa. Ta ƙara gishiri a inda ya dace. Baba ya ajiye zarto yana saurare. Ta gama tana jira ya ɗauki hula su tafi makaranta.

Baba bai ɗauki hula ba. Ya nuna bango da haɓa.

"Je ki dubi takardar can."

A jikin bango, sama da teburin aiki, akwai wata takarda da aka kafe da ƙusa. Ta yi ja don tsufa. Barkono ta sha ganinta amma ba ta taɓa karantawa ba. Ta hau benci ta leƙa. Cak ne, na banki na gaske. An buga masa tambari a tsakiya.

"Wannan takardar kujera shida ta ci mini," in ji Baba. "Wani mutum ne ya zo da babbar mota, yana ƙamshin turare. Na yi sati uku ina yi masa aiki. Ya kwashi kujeru, ya ba ni wannan. Sa hannunsa ma abin kallo ne. Na kai banki, aka ce babu komai a asusunsa."

"Ka neme shi?"

"Na same shi. Kin san me ya ce? Ya ce ranar da ya rubuta akwai kuɗi. Wai laifina ne da ban kai da wuri ba."

 Kunnuwan Barkono suka yi zafi.

"Shekarar ce kika tafi makaranta da takalmin da ya matse ki," in ji Baba. "Kin tuna?"

Ta tuna. Har yanzu akwai ɗan tabo a diddigenta.

"Wannan ai ɓarawo ne!" in ji ta.

"Ban ce ba. Wataƙila shi ma allo ya duba."

"Baba! Ni kake haɗawa da shi?"

Baba ya zaro fensir daga bayan kunne. Ya tura mata guntun katako.

"Ke ce gwanar lissafi. Rubuta ɗari da ashirin. Cire na Shiru. Cire na Dogo."

Ta rubuta da ƙarfi har bakin fensir ya nutse a katako. Saba'in.

"Nawa ne ƙwallo?"

"Ɗari."

"To da kuɗin wa kika cika?"

Barkono ta dubi katako. Ta dubi takardar bango. Ta tuna yadda Shiru ta janye hannunta daga kan fensiran. Sai ta buga ƙafa a ƙasa, garin katako ya tashi.

"Ni ba irin mutumin nan ba ce! Ba wanda zai kafe takardata a bango!"

"Ai ba ni za ki faɗa wa ba," in ji Baba. Ya ɗauki zartonsa.

Kashegari, Malam bai gama ajiye jaka ba Barkono ta miƙe. Ba ta sunkuyar da kai ba. Barkono ko haƙuri za ta bayar sai an ji ta a aji shida.

"Malam, na mayar da ƙwallo. A zuba mini ɗarina. A cire talatin a ba Shiru yanzu-yanzu."

"Banki sai Alhamis," in ji Tabarau.

"Yau za a buɗe shi," in ji Malam. "Amma akwai tara. Duk cak ɗin da ya dawo, banki na cire goma."

"Goma? Wannan ai..." Ta dubi Shiru, ta haɗiye sauran. "A cire."

Saura sittin. Malam ya buɗe kabad don Shiru kaɗai. Barkono ce ta ɗauko akwatin fensiran da kanta ta kai mata.

"Ungo. Ki yi haƙuri. Na sa ki shara a banza."

"Ba a banza ba," in ji Shiru. Ta rungume akwatin.

Dogo ya leƙo daga baya. "An fasa tsayar da ni bayan raga ke nan? Saura wata ɗaya. Ni zan ɗauki sabuwar ƙwallon."

"Ka fara wanke hannunka tukuna."

Watan nan Barkono ta yi abin da ba a taɓa gani ba. Ta yi shararta da kanta. Lissafin da ake yi yanzu na kashe-kashe ne, ya ba ta wuya, sau ɗaya kawai ta ci goma. Don haka ta ɗauki bokiti. Ita da ta ce ban ruwa aikin marasa ƙwaƙwalwa ne, sai ga ta sau uku a bayan aji, siket ya jiƙe sharkaf. Duk tauraron da ya shigo sai ta rubuta a gindin cak, da rana da dalili. Ba zomo, ba rufi.

Ranar kasuwa ta sake zagayowa. Kowa ya ruga gaban allo. An rubuta: Barkono, casa'in. Dogo, ɗari.

Dogo ya yi ihu ya fara rawa. Ya ciro littafinsa zai rubuta cak.

"Tsaya!" in ji Barkono. "Allo ya yi ƙarya!"

Aji ya kwashe da dariya.

"Wancan watan allo ne babanki," in ji Dogo. "Yau kuma ya zama maƙaryaci?"

"Malam, a duba littafina."

Ta buɗe a kan tebur ta sa yatsa. Sittin bayan tara. Goma na lissafi, saba'in. Ban ruwa ranar Talata, tamanin. Ban ruwa ranar Litinin, casa'in. Ban ruwa ranar Laraba da ta wuce, ɗari.

Malam ya ce Tabarau ya kawo babban littafi. Suka bi layi-layi. Na Talata yana nan. Na Litinin yana nan. Na Laraba babu.

Tabarau ya matso da gilashinsa. Sai ya dafe kai.

"Wayyo. Na rubuta shi a layin Dogo. Sunansa ne a ƙarƙashin nata."

"Dogo, ka ba shuka ruwa ranar Laraba?" in ji Malam.

"To... wataƙila."

"Kai da ko ruwan shanka sai an miƙo maka?" in ji Barkono.

"Kawo gindin cak ɗinka mu gani," in ji Malam.

Dogo ya buɗe littafinsa. Fari fat, ko ɗigo babu. Ya sosa ƙeya.

Tabarau ya goge allo ya gyara. Barkono, ɗari. Dogo, casa'in.

Barkono ta zauna. Ba ta yi gaggawa ba. Ta fara cika gindin cak: ƙwallo, ɗari, saura sifili. Sannan ta rubuta cak ɗin, ta sa hannu da wutsiyar ɓeranta. Ta juyo ta kalli aji.

"Akwai wanda ke riƙe da takardata bai kai banki ba? Ya yi magana yanzu."

Ba wanda ya fito da takarda.

Malam ya miƙa mata ƙwallo.

"Yara, kun ga darasi biyu," in ji shi. "Idan ka rubuta cak, kuɗin sun bar hannunka, ko da banki bai cire ba tukuna. Kada ka kashe abin da ka riga ka ba wani. Kuma ka riƙa rubuta duk abin da ya shiga da abin da ya fita, domin banki ma yana iya kuskure."

A filin wasa Barkono ta taka ƙwallo da ƙafa ɗaya. Yau ita ce mai zaɓe. Ta fara zaɓen Shiru, ta ce ta tsare raga. Ta zaɓi Tabarau, ta ce ya cire gilashi tukuna. Dogo ya juya zai nufi bayan raga da kansa.

"Ina za ka, sandar rake? Dawo nan. Kana ɓangaren can. So nake in ci ka da hannuna."

"Da ƙafa dai," in ji Dogo.

Da yamma ta biya shagon Baba, ƙwallo a hammata, gwiwa duk ƙura. Ta ajiye littafin cak a kan teburin aiki ta buɗe masa. Baba ya bi shafukan da babban yatsansa har ƙarshe.

"Saura sifili," in ji shi. "Kin talauce, uwar rigima."

"Sifilina ne," in ji Barkono. "Ba na kowa a ciki."